Jan Rubutun da Fotokofi Ya Cinye

Mayo-Oulo, 3 ga Mayu

Goggo Cécile,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafa, yaya zafin Garwa?

Goggo, na sha kunya. Tunda Fada, limamin cocinmu, sai bayan wata biyu yake leƙo ƙauyenmu, ni aka ba jagorancin addu'a, aka haɗa ni da fotokofin littafin addu'a. Ran Lahadi na ware murya na karanta, "A nan mai jagora zai ɗaga hannuwansa." Mata suka tuntsire da dariya.

Ga Mama Viviane, wadda ta goya ni bayan rasuwar Inna, tana kwance rai a hannun Allah, kuma ta ce ni zan yi mata addu'ar binnewa. In aka yi dariya a bakin kabarinta, ina zan sa kaina? Ko littafin mijinki, marigayi Katikis Georges malamin coci, yana nan?

Ɗanki,
Antoine

Garwa, 6 ga Mayu

Antoine ɗana,

Jam na, kana lafiya? Idona ya ƙi, 'yata Arlette ke rubutawa ina faɗa.

Littafin dai gara ta riga ka, ta cinye shi. Abin da ka karanta wa jama'a, rubrik sunansa, umarni ne gare ka kai kaɗai. A littafin asali da jan tawada yake: ja na yi ne, baƙi na faɗa. Injin fotokofi ne ya mai da su duka baƙi, kai kuma ka bi shi ido rufe.

Shekara talatin ina bencin gaba ina kallon mijin nawa yana binne mutane. Ba direban motar garin Gider takardun naka ya kawo mini. Arlette ta karanta, in ce ja ko baƙi, ta ja layi da jan biro.

Ka gaida Viviane, ka ce ta jira.

Goggonka

Mayo-Oulo, 12 ga Mayu

Goggo,

Ina gaisuwa. Kwana huɗu ke nan da tafiyar takardun, kullum ina tasha. Mama ta daina karɓar ko kunu. Yanzu ko shafi ɗaya ba ni da shi. Don Allah ku hanzarta.

Antoine

Mayo-Oulo, 15 ga Mayu

Goggo,

Barka da war haka. Mama ba ta jira ba. Jiya da safe muka binne ta, takardun suka iso da yamma.

Da ka na yi addu'ar. Da aka saukar da akwati murya ta ɗauke mini, na tsaya kai a sunkuye, na kasa ko kalma ɗaya, ina jiran in ji dariya. Har muka dawo gida ina ganin na tozarta ta.

Sai na buɗe takardunki, na nemo daidai wurin. Arlette ta ja layi har biyu: "A nan mai jagora zai sunkuyar da kai, kowa ya yi shiru."

Ki huta lafiya.

Ɗanki,
Antoine