Daƙiƙa Arba'in a Kashi na Huɗu

Litinin, 2 ga Maris, 1998

Wasiƙa daga wani Mista Odell, na ƙungiyar masoya tsohon shirin nan na matafiya sararin samaniya. Labari ya kai masa cewa ina riƙe da sautin "Birnin Gishiri", kashi shida cif, wanda gidan talabijin ya goge hotunansa tuntuni domin a sake amfani da faifan. Ya ce kashi na huɗu babu shi a hannun kowa a doron ƙasa sai ni. Suna so su haɗa sautin da hotunan da wani ya ɗauka daga fuskar akwatin talabijin a wancan zamani, su raba wa 'yan ƙungiya.

Ashe ni, Desmond Thwaite, mai jera littattafai a laburaren Grimsby, ma'ajin taska ne ban sani ba. Na rubuta a bayan ambulan:

Birnin da aka shafe, ba ganuwa ba ƙofa,
Muryarsa na barci a ƙarƙashin gadona.

Layi na biyu bai zauna ba tukuna.

Laraba, 4 ga Maris

Na ciro faya-fayan. A 1965 shekarata goma sha biyu. Kowace Asabar da yamma nakan ɗora makirfon na'urar naɗar sauti bisa littattafai uku a gaban akwatin, in kafa doka: ba tari, ba juya cokali a kofin shayi. Mama da yayata Glenys suna bi. Amma a kashi na huɗu, daidai inda sarauniyar birnin take yanke hukunci, Baba ya dawo daga tashar kifi ya bugo ƙofa.

"Ƙato da kai, ka durƙusa gaban mutanen gwangwani kamar a coci? Ba mai ba ni shayi a gidan nan?"

Daƙiƙa arba'in yana faɗa. Shekara talatin da uku ban sake sa wannan faifai ba. Har aka binne Baba ban ce masa komai ya wuce ba.

Asabar, 7 ga Maris

Na aika su duka ta gidan waya, naɗe cikin tsohuwar rigar sanyi.

Talata, 17 ga Maris

Odell ya bugo waya. Mutum mai sanyin murya, kamar likita a bakin gado. Ya ce muryar Baba ta cakuɗe da ta sarauniya, ba na'urar da za ta raba su. Ko a bar wurin yadda yake, ko a yanke daƙiƙa arba'in ɗin a sa rubutu a madadinsu. Zaɓi nawa ne, kafin ƙarshen wata.

Na ce a yanke. Ko numfashi ban ja ba.

Lahadi, 22 ga Maris

Glenys ta zo cin abincin rana. Na ba ta labari ina zuba mata romo a kan dankali. Ta ajiye wuƙa.

"Za ka yanke Baba, Des? Ina kuma muryarsa ta rage in ba nan ba?"

Na ce za a ba ta nata kwafin, ta yi ta saurare. Abin da ba zan lamunta ba shi ne mutum ɗari uku su zauna suna jin ana kirana ƙato.

"To ai ƙaton ne kai," in ji ta. "Miƙo gishiri, sarkin waƙa."

Ba mu koma kan maganar ba. Ta wanke kwanuka da ƙarfin da ya wuce bukata.

Alhamis, 26 ga Maris

Odell kuma, da tambayar da sai irinsu, masu kunnen jemage. Wai akwai agogon bango da ke bugawa a bayan kashi na ɗaya har zuwa na huɗu. A na biyar da na shida babu shi. Ko mun sauya ɗaki ne? Yana so ya rubuta daidai a takardar bayani.

Ba mu sauya ba. Ɗaki ɗaya muke da shi mai akwati.

Juma'a, 27 ga Maris

Na tambayi Glenys ta waya. Na ce mata bugun agogon ya ɓace a kashi na biyar da na shida.

"Ba ka sani ba? Kai gabanka kawai kake kallo. Baba ne. Yakan cire takalma a waje, ya lallaɓo ta bayanka ya riƙe harshen agogon mai lilo, don kada bugunsa ya shiga faifanka. In an gama ya fita ya duba na coci, ya dawo ya saita. Ya ce in na gaya maka sai ya murɗe mini kunne."

Na ce ƙila tana tuna abin da bai faru ba.

"Tambayi faifanka," ta ce.

Na zauna zan yi waƙa a kai. Ba ta zo ba. Karo na farko da takarda ta fi ni gaskiya.

Litinin, 30 ga Maris

Na rubuta wa Odell cewa a bar kashi na huɗu yadda yake. Dalilina na tarihi ne zalla: bai kamata a rasa hukuncin sarauniya saboda surutun gida ba. Haka na rubuta masa, kuma haka ne.

A takardar bayani, inda ya sa sunana, na roƙe shi ya gyara: "An naɗa a gidan Walter Thwaite, mai sauke kifi."

Na nemi ya aiko kwafi biyu.