Barcin da Na Hana Ka

Zuwa ga sanyin idona, inuwar tsakar gidana, Baban Ikrima, wanda sama ta ara ta ƙi maido mini. Ga sallama mai taushi, irin wadda ba ta tada mai barci.

Yau ma na ji ƙugin jirginku yana sauka filin jirgin Ambursa, na fito da ludayi a hannu kamar an ƙwala mini kira. Na san daga can motar kamfani otal za ta wuce da kai, a unguwar Gesse. Gesse fa, masoyina! Daga nan unguwarmu Badariya ko shayi aka ɗauko ba zai huce ba. Amma wallahi Jidda ba ta taɓa yi mini nisa irin haka ba.

Ka tuna yammacin nan a Argungu, farkon aurenmu, muna zaune bakin gulbi masunta na janye taru? Kana cikin gaya mini yadda fadamar shinkafa take daga sama, sai na ji shiru, ashe barci ya sace ka a kafaɗata. Na yi ta tsokanarka da angon da ya fi son barci a kan amarya. Ka yi dariya, ka ce matuƙi ƙirga masa awoyi ake yi: in ya yi doguwar tafiya, doka ba ta yarda ya koma kan kujera sai ya huta awa goma sha biyu cur, domin gajiyayye idonsa biyu yake karanta lamba ba daidai ba. Na ji da kunne, ban ji da zuciya ba.

Sai ranar nan ta jigilar alhazai. Ka sauka da asuba, za ka tashi da wasu bayan magariba, cikinsu har da Goggona. Mutanen garinmu Gulma suka cika zaure da kifi da albasa, kowa na son ya damƙa maka amanar tsohonsa hannu da hannu. To, a gidanmu wa ya taɓa ce wa baƙo mai gida na barci? Sau huɗu na shiga na taɓa ƙafarka. Sau huɗu ka fito, idanu jajur, kana amsa gaisuwa da murmushi. Ni kuwa har alfahari nake yi.

Da la'asar ka kira kamfani ka faɗa musu gaskiya, cewa ba ka runtsa ba kuma ba za ka ɗauki rayukan mutane a haka ba. Kafin a samo wani matuƙi alhazai sun ƙara kwana a sansani, gari ya ɗauka mijin Ma'u ya hana tsofaffi tafiya Makka. Ba ka yi mini faɗa ba, da ma ka yi. Takarda kawai ka sa wa hannu cewa daga yau a otal za ka riƙa hutunka.

Sati uku ke nan, hasken raina. Ɗakinka ya yi tsit kamar fadama bayan girbi. Ina ninke rigarka in warware in sake ninkewa. Laifina ne, kuma kewarka na nema ta kassara ni. Wa zan kai wa ƙara, alhali wanda ya yi gaskiya shi ne ya tafi?

Bari ka ji abin da na yi. Na ɗinka labule mai kauri. Zakaran nan sarkin surutu ya shiga tukunya. Juma'ar da ta wuce kuma na je Gulma da ƙafata, na durƙusa gaban Baffa Maliki, yayan mahaifina, na ce daga yanzu in kana hutu ko shi ne ya zo sai dai ya bar sallahu. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyag ga ta koma Nasara." Har yau bai ɗauki wayata ba, amma ban janye ba, ba kuma zan janye ba.

An ce ranar Talata za ku dawo da sahun gaba. Ka karɓo takardar nan da ka sa wa hannu, don girman Allah. Ba na neman hira, ba na neman ko ka ɗanɗana miyata. Awa goma sha biyun duka naka ne, ba zan taɓa ko minti ɗaya ba. Ni dai a bar ni in shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ina jin numfashinka ta cikin labule.

Taka ita kaɗai, mai gadin barcinka muddin rai,
Ma'u