Tsirkiya Shida na Babana

Waycross, Georgia
9 ga Satumba, 1975

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki? Yaya Mama da zaman jinya? Mu nan lafiya lau, Kaka Opal tana gaishe ka, kuma ranar Lahadi an yi maka addu'a a coci, har sunanka aka kira.

Mama ta ce har yanzu maganar ba ta dawo ba, ɓarin dama kuma bai motsa ba, amma kana jin duk abin da ake faɗa. Ita ce za ta riƙa karanta maka. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ni da baki ban iya ba, da biro ma sai a hankali.

Na fara sabuwar makaranta. Ban yi ƙawa ba tukuna.

Baba, su Kawu Verlon, abokan kiɗanka, sun koma gwajin waƙa a tsohon rumbun taba na bayan gida. Kamfanin faifai ya ba su ranar ashirin ga watan gobe su je Macon a naɗi waƙoƙin. Sun ɗauko wani mai jita daga Tampa ta jihar Florida, sunansa Royce. Kawu Verlon ya ce wa Kaka na wucin gadi ne, kafin ka tashi. Yana faɗa yana kallon hularsa.

Ni nake kai musu abinci in na dawo daga makaranta. Jiya tarwaɗa ce soyayyiya da shayi mai ƙanƙara. Purvis mai ganga ya ce, "Ga Ɓeran Coci ta iso! Nadine, yau za ki ba mu kalma ɗaya ko sai Kirsimeti?" Na ajiye tiren na gudu.

Royce yana da saurin yatsa, amma kiɗan ba irin namu na bakin kogin Satilla ba ne. Kaka ma da ba ta son kiɗanku ta ce kamar miya ba gishiri. Sabuwar waƙar nan da kuka fara tana nan a tsaye. Da kai ne sai ka yi ta maimaita karin nan ɗaya, Kawu Verlon yana kai da komo yana gunaguni har kalmomi su zo masa. Yanzu sai ya yi kai da komon ya zauna.

Jitarka tana cikin akwatinta inda ka bar ta, da 'yar kwalbar maganin nan da kake zura yatsa a ciki kana ja a kan tsirkiyoyin. Ina goge ƙurar akwatin.

Allah ya ba ka lafiya.
'Yarka, Nadine

24 ga Satumba, 1975

Babana,

Ina gaishe ka, ina gaida Mama. Da fatan ciwon yana sauƙi kuma kana cin abinci.

Akwai abin da ya faru, kuma da laifina a ciki.

Ranar Litinin Kawu Verlon ya ce wa Royce ya gwada jitarka, wai ko a cikinta sautin yake. Ina tsaye a bakin ƙofa da tire. Royce ya buɗe akwatin, ya kaɗa tsirkiyoyin, ya yi dariya ya ce, "Kai, wannan baiwar Allah ta sha zafin rumbu, duk ta kwance." Kawu Verlon ya juya yana zuba shayi. Sai na ga Royce ya kama 'yan kunnuwan yana murɗawa ɗaya bayan ɗaya, yana mai da ita irin ɗaurin kowa da kowa.

Baba, na sani ba kwancewa ta yi ba. Ɗaurinka ne. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma maza huɗu ne a ɗakin, muryar ta ƙi fita. Ina kallo har ya gama ta shida.

Da Kawu Verlon ya gane, sai da ya jefar da kofi. Ya ce, "Kai ɗan Florida, wa ya aike ka? Shekara goma Hoyt bai taɓa faɗa wa kowa yadda yake ɗaure ta ba!" Royce ya yi fari fat. Ya ce taimako ya yi niyya. Na yarda da shi, ba mugu ba ne.

Kwana uku suna sa tsofaffin faifanku suna lalube. Sun samo huɗu, ko suna zaton sun samo. Da an ja kwalbar sai sautin ya karkace. Babu inda aka rubuta, ka san ku ba ku rubuta komai.

Jiya Kawu Verlon ya same ni ina ɓarar wake a baranda. Ya zauna a matakala, ya ce, "'Yar Hoyt, ni ban taɓa yin waƙa ni kaɗai ba. Kalmomina bayan jitar ubanki suke bi, kamar kare da maigidansa. Kakarki ta ce kullum da safe kina nan yana ɗaure ta." Na ce masa ban sani ba.

Ƙarya na yi. Ina da su duka shida a kaina, tun wasan nan da muke yi kafin motar makaranta ta zo, ka kaɗa ɗaya in bi ta da murya baki rufe.

Ba kunya kaɗai ta hana ni ba. In na ba su, Royce zai iya yin kiɗanka, to me za su jira ka ka yi? In na hana su, ranar ashirin za a naɗi faifai babu kai a ciki ko kaɗan, waƙar nan kuma ta mutu a rabi. Da kana magana da ka faɗa mini.

'Yarka, Nadine

13 ga Oktoba, 1975

Babana abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan ka kwana lafiya. Na samu wasiƙar Mama. Na karanta abin da likita ya ce game da hannun dama, sau uku na karanta. Ban nuna wa Kaka na yi kuka ba.

Ranar Asabar na je rumbun ba tare da tire ba. Purvis ya buɗe baki zai yi tsokanarsa, Kawu Verlon ya ce, "Purvis, ka yi mana shiru ko in cusa maka sandar nan a hanci." Na ce sai dai su juya mini baya. Duk suka juya suna kallon bango, manya da gemu, kamar 'yan aji da aka hukunta.

Na fara da mai kaurin. Na rera sautinta baki rufe. Royce yana murɗawa a hankali har sautinsa ya haɗu da nawa, sai in ce, "Nan." Ashe a ta biyu da ta biyar suka yi kuskure, sun ja su sama da yawa. Bai ɗauki minti goma ba.

Sai ya sa kwalbar a yatsa ya ja.

Baba, kai ne. Kukan nan mai tsawo da yake sauka kamar ba ya son sauka. Kaka ta fito daga kicin da cokali a hannu, ta tsaya a tsakiyar fili. Kawu Verlon ya tashi ya fara kai da komo, kafin la'asar ya gama waƙar. Ya ce sunanka ne zai zo farko a jikin faifan. Royce ya ce mini, "Na gode, 'yan mata," bai iya kallona ba.

Kowa yana cewa na kyauta. Amma tun ranar ban ƙara jin wani ya ce "kafin Hoyt ya tashi" ba. Yanzu za su tafi Macon da sautinka, kai kana kwance a Savannah, kuma ni na miƙa musu da bakina. Abin da ka ɓoye shekara goma ne, ban kuma tambaye ka ba.

Mama ta ce kana iya matse hannu da hagu. In ba ka yi fushi da ni ba, ka matse hannunta sau ɗaya idan ta kai nan.

Mama, in bai matse ba, kada ki rubuto mini.

'Yarka mai ƙaunarka,
Nadine