Bambar Motarku da Sunan Mahaifina

Zuwa ga Manaja, babban wakilin kamfanin da ke sayen gyaɗarmu a ƙasar Karaye da Rogo, a ofishinsa na Kano.

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa cikin ladabi da girmamawa, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk waɗanda ke cin abinci a ƙarƙashinka. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya taimaka, amin.

Bayan haka, sunana Isyaku, ɗan Ilu maƙeri. Ƙauyenmu shi ne wanda ke bakin mashigin rafin da motarku ke ƙetarewa in ta baro Karaye za ta Rogo. Noma nake yi, da rani in ɗan taɓa ɗinki, na kuma sami karatun boko a ajin manya, shi ya sa nake riƙe alƙalami da kaina. Ban so maganar nan ta kai ga jarida ba, amma ga shi ta cikinta nake rubuto maka. Na taka har ofishinku, masinja ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce Manaja ba ya ganin mutumin ƙauye sai da takardar akawu. To akawun ne kuwa na zo kawo ƙararsa. Da na koma gida na yi nazari, sai na ga tun da a tsakiyar kasuwa aka kira ubana ɓarawo, ba laifi ba ne in na ba da amsa a inda jama'a za su ji.

Maganar duka a kan ƙarfen nan ne mai walƙiya da ke gitte a bayan motarku, wanda direbobi ke kira bamba. Ga yadda abin ya gudana, kuma da idona na gani, ba labari aka ba ni ba.

Na ɗaya. Cikin markar bana, wata rana da aka kwana ana ruwa, motarku ta iso mashigi da hantsi, ɗauke da akawunku da direbansa Garba. Ta shiga, ta kasa fita. Ƙafafunta na gaba suka nutse a laka, ruwa yana lasar ƙofa, yana kuwa ƙaruwa. Akawu da kansa ya hau tudu yana ɗaga hannu yana kiran a kawo agaji. Mai Unguwarmu ya sa aka buga gangar gayya, muka watsar da fartanyoyi a gona muka sheƙo. Gaba ba ta jawuwa, don can ne zurfin yake, sai dai a jawo ta da baya. Muka kwanto igiyoyin guga na rijiyoyin gari aka tufke su wuri guda, akawu ya nuna bamba da sandarsa ya ce a ɗaura nan. Mu dai ba mu san mota ba. Mun ga ƙarfe mai kauri, mun ɗauka don irin wannan rana aka yi shi. Ina cikin masu jan igiyar. Mota ta fito, amma bamba ta lanƙwashe ta yi baka, ɓarinta guda ya ɓalle daga mazauninsa yana jan ƙasa. A lokacin ba wanda ya ɗaga murya. Akawu ya yi ta sa mana albarka, har ya ce zai gaya wa Manaja irin kirkin mutanen garin nan. Ban sani ba ko ya gaya maka.

Na biyu. Ruwa ya shiga inji, mota ta ƙi tashi. Aka turo ta ƙofar gidan Mai Unguwa, aka ba akawu aron keke ya wuce Rogo, Garba kuma ya ce zai koma Karaye ya nemo wanda ya san inji.

A nan ina roƙon ka ɗan saurare ni, ranka ya daɗe, don akwai wata al'adarmu da in ba ka san ta ba, ba za ka gane abin da ya biyo baya ba. A garinmu, tun kakanni, in kayan baƙo ya lalace a hannunmu, ko linzami ne, ko likkafa, ko gatarin fatake, ba ma barin ya tafi da shi a haka. Maƙeri ake kai wa ya gyara, ba a karɓar komai, don abin kunya ne mutum ya je gaba yana nuna wa jama'a abin da aka yi masa a garinku. Hannunmu ne ya lanƙwashe ƙarfen nan, ko da kuwa da kyakkyawar niyya, saboda haka kowa ya san a kan wa gyara yake. Duk da haka Baba bai yi gaban kansa ba. Kafin Garba ya kama hanya sai da ya tambaye shi, Garba kuwa ya ce in zai gyaru a taimaka a gyara, a fisshe shi faɗan mai gida. Shi ne ma ya ɗauko sifana ya kwance notunan da suka rage, ya miƙa mana bambar. A gaban Mai Unguwa da Liman aka yi wannan.

Na uku. Baba maƙerin baƙi ne. Garma yake yi, da fartanya, da lauje, da gatari. Maƙeran fari su ne masu azurfa da tagulla, su mundaye da zobba, kuma ko a zuri'a ba mu haɗa komai da su ba. A duk saninsa, ƙarfe in ya lanƙwashe wuta ake sa shi, ya yi ja, a miƙe shi da masaba. Haka ya yi wa bambarku. Ni na riƙe zugazugi, ƙannena suka tallafe ɗaya ɓarin, don ta fi ƙarfin bukkar maƙerar, sai da muka yaye zana.

Ashe walƙiyar nan ba ta kai ciki ba, shafe ce kawai a bisa. Wuta tana kama ta sai ta yi rawaya, ta yi shuɗi, ta soma tashi tana sauka kamar ɓawon albasa. Ƙarƙashinta baƙin ƙarfe ne, irin wanda muka sani. Baba ya yi salati ya janye ta da sauri, amma mai faruwa ya faru. Da ya ga tsakiya ta yi baƙi, gefe da gefe kuma suna walƙiya kamar jikin mai kyasbi, sai ya ga gara ta zama launi ɗaya, ya bi sauran da wuta. Ya miƙe ta sambal, ya ƙera mata sabon mariƙi a inda ya ɓalle.

Wallahi ranka ya daɗe, da ka ga abin da garinmu ya yi a kan ƙarfen nan, da ka yi dariya, ko da yake mu a lokacin ba dariya a ranmu. Mata suka fito da tsamiya da toka da rairayi, suka duƙufa suna dirza yadda suke wa tasoshin jere. Wata tsohuwa ta ce a gwada lemon tsami, aka gwada. Walƙiya dai ta tafi ke nan. Da aka gaji, Baba ya shafe ta da man gyaɗa don kada ta yi tsatsa, yadda yake wa sabuwar garma. Sannan ya yi abin da ya saba yi wa duk aikin da ya fita daga hannunsa: ya ɗauki kurfi ya buga alamarsa a gefe, 'yar ƙafar kaza da ɗigo a ƙasanta. Duk manomin da ke tsakanin Yammedi da Falgore ya san alamar nan. Ma'anarta ita ce, Ilu ne ya taɓa wannan, in ya ba ka matsala ka dawo masa da shi. Garba ya dawo, ya duba, ya riƙe baki, ya ce to ai ta miƙe. Ya ɗaura ta da hannunsa, aka gyara inji mota ta tashi, ya yi godiya, ya tafi.

Na huɗu. Bayan 'yan kwanaki, ranar kasuwar Rogo, Baba yana zaune a rumfarsa ya baza lauzuna, sai ga akawunku da yaransa. Ko sallama bai yi ba. Ya ɗaga lauje guda ya nuna wa jama'a alamar da ke jiki, ya ce irinta ce a bayan motar kamfani. Ya ce an kwance bambar azurfa an ɓoye, an ƙera ta baƙin ƙarfe an maƙala, ga kuwa hatimin ɓarawon nan da hannunsa. Ya ce tabbas an narkar da ta gasken an yi wa mata mundaye. Yaransa suka shiga bin layin masu daddawa da masu fura suna leƙen hannun matan garinmu. Mahaifiyata tana wurin. Tun ranar ta tuɓe mundayen da aka yi mata tun lokacin aurenta, ta ƙulle a tsumma, ba ta ƙara sa su ba.

Baba ya miƙe. Ya tattara kayansa a buhu, ya ɗora wa jaki, ya kamo hanyar gida tun kasuwa ba ta cika ba. Mutum ne da in ka ce laujensa ba kaifi sai ya wuni yana yi maka musu yana tsokanarka, amma ranar har muka iso gida ban ji muryarsa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu a ɓace yake, ina dai danne shi ne don in rubuta maka magana mai kan gado.

Na biyar. Ga abin da nake so ka auna da hankalinka. Wane ɓarawo ne zai yi sata ya buga sunansa a wurin? Sannan duk ƙasar nan wa ke da faffaɗan ƙarfe mai wannan tsawo da zai ƙera irinta? Mu da muke tsintar guntayen tsohon ƙarfe muna haɗawa kafin a sami garma guda! In makanikinku ya kwance ta ya juya cikinta, zai ga lambar da aka bugo mata daga ƙasarku, zai kuma ga sauran walƙiyar a lungunan da wuta ba ta kai ba. Bambarku ce, ba ta je ko'ina ba. Mun ɓata mata kyau, wannan ba na musu, kuma mun yi baƙin ciki da hakan tun kafin kowa ya ce mana komai. Amma ɓata kyau daban, sata daban.

Garba ya san duk wannan. Na same shi, ya sunkuyar da kai, ya ce yana da iyali, kuma akawu ne ke sa hannu a takardar aikinsa. Ban ga laifinsa sosai ba.

Na shida. Tun ranar kasuwar nan wuta ba ta sake tashi a maƙerarmu ba. Ga kaka ta gabato, mutane suna zuwa da lauzuna da magirbai, Baba yana ce musu su kai Karaye. Mai Unguwa ya yi lallashi, Liman ya yi nasiha, Baba ya ce musu hannun da aka ce na sata ne ba zai buga alama a kayan mutane ba. Ana cikin haka sai akawu ya aiko cewa bana ba za a ɗora gyaɗar garinmu a sikelin kamfani ba sai an fito da bambar azurfa. Ka san da kuɗin gyaɗa talaka ke biyan haraji. Ba wanda ya zo ya ce wa Baba kai ka jawo mana, amma ya ga yadda gaisuwa ta soma gajarta a masallaci.

Shekaranjiya da safe ya ɗauki dagi ya shiga maƙera shi kaɗai. Ya tone uwar maƙera, wato ƙaton ƙarfen da ake ɗora aiki a kai ana duka, wadda kakansa ya kafa a wurin. Ya sa muka mirgino ta zaure. Ya ce shi ba shi da azurfa, bai taɓa mallakarta ba, wannan ce kaɗai ƙarfe mai daraja da ke gidansa, a kai wa kamfani a madadin bamba, a bar mutanen gari su auna gyaɗarsu. Na ce ya ba ni dama in rubuta maka tukuna. Ya ce in rubuta, amma ba zai mai da ita ba sai ya ji daga bakinka.

Saboda haka ga roƙona, ranka ya daɗe.

Ka sa makanikinku ya kwance bambar ya duba cikinta, a gabanka, ba a gaban akawu kaɗai ba. Ka kira Garba ka tambaye shi a keɓe, ka kuma tabbatar masa faɗin gaskiya ba zai raba shi da abincinsa ba. Ka janye maganar sikeli, don manoman garinmu igiya kawai suka ja. In ka ga sai an biya walƙiyar da ta ƙone, a ɗora mini, ni zan biya da gyaɗar gonata har sai kun ce ya isa.

Babban roƙona kuwa shi ne wannan. Ba na neman a kori akawu, shi ma ɗan wani ne. Ina so ne ya koma kasuwar Rogo ranar da take ci, ya tsaya a gaban rumfar nan, ya faɗa da murya irin wadda ya yi amfani da ita wancan karo cewa Ilu maƙeri bai saci komai ba. Takarda ba za ta yi ba, don Baba ba ya karatun boko, kasuwa ma ba ta yi.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama aikinka a ƙasarmu ba tare da hakkin kowa a wuyanka ba, ya mai da kai ga danginka lafiya, ya shirya maka zuri'a. Amin.

In kuwa bayan duk wannan ka ga uwar maƙerar ce dai hakkin kamfani, to tana zaure, ba za mu hana ba. Sai dai ku aiko da babbar mota, don jaki ba zai iya da ita ba. In mutanenku sun zo ba su tarar da Baba a zaure ba, su zaga baya. Yana maƙera, a bakin ramin da ya tone ta yake wuni.

Wassalam.

Naka cikin ladabi,
Isyaku ɗan Ilu maƙeri,
bakin mashigi, hanyar Karaye zuwa Rogo.