Fitilar da Na Matsar Bakin Hanya

Baban Sawsan, sanyin idona, inuwar da na zauna ƙarƙashinta shekara goma sha bakwai, kada ka karanta wannan takarda a tsaye cikin abokai. Nemi wuri ka zauna, domin ba zan sake rubuta irinta ba.

Ka tuna yammacin da ka koya mini tarkon farasha, malam-buɗe-littafin nan masu fitowa bayan magariba su zuba ƙwai a tumatir? Daro da ruwan sabulu, fitila rataye a samansa. Ka kama hannuna har ƙarshen jinainarmu, lambun tumatirin nan, gefen kurmin bagaruwa, ka ce nan ne mazaunin fitilar, nesa da shuka, don su halaka kafin su iso. Da safe muka tarar da su fal a kan ruwa, ina yatsina fuska, kana dariya. Wayyo, ina zan sake jin wannan dariya?

Shekara uku ke nan da ka tafi haƙar zinariya, wata tara ba kira ba saƙo. Uba ba ya yin haka, kai ma ka sani.

Ga nawa laifin. Bana na ɗauke fitilar na kawo ta tsakiyar kunyoyi, daidai bakin hanya, wai in ka sauka daga motar Sinnar ita za ka fara gani. Ni da nake yi wa yara faɗa kullum kan aikin wauta! Farashar kurmi kaf ta biyo hasken, kaɗan suka faɗa daro, sauran suka sauka a shuka. Yanzu duk tumatirin da aka fasa, tsutsa. Sawsan ta tambaye ni wa ya matsar da fitilar, na kasa haɗa ido da 'yar cikina.

Ka zame mini ruwan Nilu a bazara, kullum kana janyewa, ina bin ka cikin laka. Zuciyata ta daina ce mini za ka dawo. Duk da haka, da yayana Salih ya sake kawo maganar zuwa wurin alƙali a raba auren, na ce masa kada ya ƙara. Ni taka ce har ƙasa ta rufe idona.

Na kafa doka a gidan nan. Fitila ta koma gefen kurmi. Ba mai kunna wata a bakin hanya, ba mai fita duba mota, har da ni. In za ka zo, ka san ƙofar.

Matarka,
Maijidda
Mai Wurno