Cokali Huɗu na Gishiri

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu ma lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Na zaɓi rubutu ne domin a waya kullum kana tsakiyar wani aiki, takarda kuwa ba ka da halin katse ta.

Maganar Baba ce. Ka san shekara talatin ya yi yana koyar da kimiyya, har ɗalibai suka laƙaba masa Malam Mai Ƙwai. Kofin gilas biyu, ƙwai biyu, ruwan famfo. Na hagu ya nutse, na dama ya taso bayan an zuba gishiri cokali huɗu. A gida kai ne mai juyawa da cokali, ni 'yar kallo, wai hannuna rawa yake yi. Da ƙwan ya leƙo sama sai Baba ya ce a tafa maka, ni kuwa in tafa ina hararar ka. Har yau ina jin muryarsa yana cewa gishiri ya ɓace wa ido amma nauyinsa na cikin ruwan, kuma da zarar ruwa ya fi ƙwai nauyi, awo da awo, dole ya ɗaga shi.

Shekaranjiya ya jera kofunan a teburin falo, ya saka ƙwai, ya tsaya jira. Gishirin ya manta. Ya daɗe yana leƙen gindin kofi, sannan ya ɗaga cokali yana tambaya ina mai juyawa ya shiga. Na ce ka tafi aiki. Likita ya ce mantuwar nan gaba za ta yi ta yi. Ka zo tun yana neman ka, Yaya. Zumunta a ƙafa take.

Ka gaida mutanen gida.
Ƙanwarka, Auta

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin ƙaramarku, zazzaɓin ya sauka? Saƙonka ya iso, wai sai an ba ka hutu nan da wata uku. Madalla. Sai in roƙi ciwon ya jira ka.

Na yi wani kuskure da ya tsaya mini a rai. Gwajin nan ya zame wa Baba aikin kowace safiya, kuma duk ranar da ƙwai ya ƙi tashi ba ya taɓa abinci. Sai na yi dabara, kafin ya fito in zuba gishiri a kofin dama in juya har ya narke. Sati biyu muna haka lafiya lau. Ƙwai ya taso, Baba ya dube ni ta saman tabarau, ya yi mini bayanin da na haddace tun ina 'yar shekara shida, sannan ya ci abincinsa.

Ranar Talata ina sauri, sai na kaɗa gishirin a cikin gorar da yake tsiyayo ruwa daga ita. Ya cika kofunan da kansa. Ƙwai biyun duka suka taso. Ya sa yatsa ya danna na hagu, ya dawo sama. Sau uku yana dannawa. Daga nan ya zauna, ya cire tabarau, ya ce ashe shekara talatin ƙarya ya koya wa 'ya'yan mutane. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar, ko a rasuwar Mama bai yi kuka a gabanmu ba. Na rantse masa laifina ne, na ba shi ruwan ya ɗanɗana, bai gane abin da nake nufi ba. Garin neman gira na rasa ido.

Abu ɗaya ya faɗa da ya natsu: in adana cokalin, idan mai juyawa ya dawo zai gano inda aka yi kuskure. Kai yake jira ka wanke shi. Ina jin haushinka ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Taka, Auta

Yayana,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Na ji kana tafe ranar Asabar, Allah ya kawo ka lafiya. Na share maka ɗaki.

Gara ka ji daga bakina kafin ka iso. Baba ya daina fito da kofuna. Jiya na jera masa su da kaina, ruwa tsantsa, gishiri a gefe. Na sa masa cokali a hannu, na ce albishirinka, mai juyawa yana hanya. Ya jujjuya cokalin, ya tambaye ni cikin ladabi, irin wanda yake yi wa baƙi, ko wane ne mai juyawan. Na faɗi sunanka sau biyu. Ya yi murmushi, ya tambaya ko ƙwan na ci ne.

Na shiga kicin na yi kukana, na wanke fuska na dafa masa shi.

Haushin da nake ji ya wuce, ba ni da ƙarfinsa. Cokalinka yana cikin aljihun tebur. Idan ka zo ka zauna kusa da shi ka zuba huɗu, ka juya a hankali yadda ya koya maka. Ƙwan zai taso, Baba bai koya wa kowa ƙarya ba. Amma kada ka dubi fuskarsa kana jiran ya ce a tafa maka. Ni zan tafa.

Sai ka iso.
Ƙanwarka, Auta