Wuƙar Nafi'u Ba Ta Daba Ba Ce

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Sulhu da Gyaran Matasa na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran 'yan kwamiti, Allah ya ƙara girma.

Ranka ya daɗe, ni ne Ilu Mai Balangu na Toranke. Ban gaji fawa ba, ubana manomi ne. A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya. Da wankin kayan ciki na fara a kasuwar Gaya. Yau ina da rumfar kaina, na yi ginin bulo, na aurar da ƙannena, na sauke farali ba da kujerar kowa ba. In ka cire Allah, babu mai cewa shi ya tsaya min. Na faɗi haka ne don a san ba roƙo ya kawo ni ba.

1. Tun kafin a kafa kwamitinku nake jan yaran da suka faɗa daba. Ni ba malami ba ne, ba na wa'azi. Yaro ya zo, ya fara da hura gawayi, wankin faranti da dakan yaji. Kwano ɗaya muke ci, sahu ɗaya muke sallah. Amma ba ya taɓa wuƙa. Sai na ga ya bar shaye-shaye, na ga an zage shi a kasuwa ya haɗiye, sannan in tara abokan sana'a in miƙa masa tasa wuƙar, da sunansa a ƙota. Wanda ya saba ɓoye wuƙa a ƙugu, ran da aka danƙa masa ita a bainar jama'a, wani mutum yake komawa.

2. Nafi'u ɗan garin Gafasa ne, bai kai ashirin ba. Mahaifinsa ne ya kawo min shi, saran da ke goshinsa bai gama warkewa ba, ya ce, "Ilu, ni dai na gaji, in za ka iya ga shi nan." Na sha wuya. Ya gudu, na bi shi har kangon da 'yan daba suke taruwa, na janyo shi ana yi min ihu. Damina biyu ya yi kafin ya sami wuƙarsa.

3. Bayan ƙaramar sallah kuka shirya taron tuban matasa, kuka aiko a turo yarana. Na tura su da zuciya ɗaya, na wuce Kademi sayen awaki. Nafi'u ya taso daga rumfa da wuƙarsa a kube, kamar kowane mahauci. 'Yan sintirinku suka zare ta, suka jera ta a tabarma cikin adduna da barandamin da aka ce an ƙwato, suka durƙusar da shi aka ɗau hoto. Yana cewa ta sana'a ce, ana cewa ya rufe wa mutane baki. A jawabinka ka ce kwamiti ne ya shiryar da su. Ko sau ɗaya ba a ambaci rumfata ba.

4. Hoton nan ya shiga kowace waya. Masu sayen nama suka koma cewa, "Kai ka yanka min, ban da ɗan dabar nan." Ya ɗan jure, sannan ya daina fitowa. Na same shi a gida, ya ce, "Baba Ilu, in na tuba ɗan daba ne, in ban tuba ba ɗan daba ne. To wahalar me nake sha?" Yanzu an fara ganinsa a bakin kangon nan, ga gangar siyasa ta kusa kaɗawa. Su 'yan siyasa ba za su sa shi jiran damina biyu kafin su ba shi wuƙa ba.

Gobe-goben nan zan iya zuwa maƙera in sayo masa wata. Amma ba ƙarfe kuka ƙwace masa ba.

Don haka ina roƙo a nemo wuƙar nan, sunansa na jikinta. Ka zo rumfata ranar kasuwa, ka miƙa masa da hannunka mutane na gani, kamar yadda aka karɓe ta mutane na gani. A kuma faɗa bayan sallar Juma'a cewa kuskure aka yi. In ka sa rana, ni zan je kangon in kamo hannunsa, na san hanya.

Na ƙarshe kuwa ba roƙo ba ne, haƙƙina ne. A rahoton da za ku kai sama, a rubuta wanda ya yi aikin: Ilu Mai Balangu, Toranke. A rubuta shi ɓaro-ɓaro, don uban da ɗansa ya gagare shi ya san ƙofar da zai buga.

Allah ya yi maka jagora, ya shirya mana zuri'a, ya raba ka da ranar da za ka ga ɗanka durƙushe a bayan tabarmar nan.

Wassalam.

Ilu Mai Balangu,
Toranke.